Ɓerayena sun sha guba amma ATP na zuciyarsu bai motsa ba, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a fannin sinadaran jikin halitta, kuma aikina a kan illar kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, ne ga zuciya. Na zuba wa manyan ɓerayen gwaji gishirin kadmiyom a ruwan shansu tsawon kwana 28. Sun rame, sannan CK-MB da LDH, sinadaran da ake aunawa don gano raunin zuciya, sun hau a jininsu. Amma da na auna ATP, wato sinadarin da ƙwayoyin jiki ke kashewa kai tsaye su samu ƙarfi, a tsokar zuciyar sai na tarar kusan daidai yake da na waɗanda ba su sha komai ba. Mai duba aikina ya ce ko dai gubar ba ta taɓa ƙarfin zuciyar ba, ko kuma ni ne na tafka kuskure wajen awo. Don Allah ku yi mini bayanin yadda guba ke lalata hanyar da zuciya ke samun ƙarfi, da yadda zan fahimci wannan sakamako."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ta wace ƙofa guba ke shiga ta dagula wa zuciya hanyar samun ƙarfi, sannan ko rashin saukar ATP na nufin zuciyar ɓerayenka ta tsira. Na biyun zan fara taɓawa don hankalinka ya kwanta. Akwai zaɓi na uku wanda mai duba aikinka bai ambata ba, kuma shi na fi kyautata wa zato: awonka na iya zama daidai, gubar ma tana iya kasancewa ta yi ɓarna, sai dai ka leƙa wurin da ɓarnar ke bayyana a ƙarshe. ATP shi ne abin da zuciya ke karewa da duk abin da ta mallaka. Kafin ya sauka, abubuwa da dama sun riga sun lalace a bayansa.

Zuciya ba ta da rumbu

Zuciyar mutum na bugawa kimanin sau dubu ɗari a yini, kuma ana ƙiyasta cewa tana cin ATP da ya kai kilo 6 a wannan lokaci, ita da nauyinta bai wuce giram 300 ba. Abin da ke ajiye a cikinta kuwa ba zai kai ta ko minti ɗaya ba, cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka ta juya shi gaba ɗaya. Hannu baka hannu ƙwarya take rayuwa. Shi ya sa kusan kashi ɗaya bisa uku na cikin kowace ƙwayar tsokar zuciya mitokondiriya ne, wato 'yan sassan da ke ƙera wa ƙwayar ƙarfi, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ATP ɗinta daga can yake fitowa, ta hanyar ƙona abinci da iskar oksijin. Ko a hutu, zuciya na tsotse kusan kashi 70 cikin ɗari na oksijin da ke cikin jinin da ya ratsa ta, don haka ba ta da rarar da za ta janyo in an matsa mata. Ɓeranka kuma ya fi mutum shiga wannan hali: zuciyar babban ɓera (jinsin rat, irin naka) na bugawa sau 300 zuwa 400 a minti, ta ƙaramin ɓera (jinsin mouse) kuwa tana haura 500.

Me take ƙonawa? Tun shekarun 1950 Richard Bing ya zura siririn bututu cikin jijiyar da ke kwashe jini daga tsokar zuciyar mutum, ya nuna cewa kitse ne babban makamashinta. A zuciyar baligi mai lafiya kitse na ba da kashi 60 zuwa sama, ragowar kuma gulukos ne, wato sukarin jini, da laktet da ke fitowa daga farfasa shi, da kiton da hanta ke yi daga kitse. Amma abin da ya fi wannan lissafi muhimmanci shi ne sauƙin sauyawarta. An ci abinci, insulin ya hau, sai ta karkata ga gulukos. An yi azumi, ta koma kitse da kiton. Ana gudu, ta kama laktet ɗin da sauran tsoka ke zubarwa. Philip Randle da abokan aikinsa sun bayyana wannan ja-in-ja tsakanin kitse da gulukos a 1963, kuma da zuciyar ɓera suka yi wani ɓangare na aikin. Kitse ya fi ba da ATP da yawa a kowace ƙwaya, sai dai ya fi cin oksijin da kimanin kashi goma cikin ɗari kafin ya ba da ATP daidai da na gulukos. Zuciyar da oksijin ya yi wa ƙaranci ko mitokondiriyarta ta raunana kan koma wa gulukos, kamar yadda take tun tana cikin mahaifa.

Cikin mitokondiriya kuma, ka ɗauka madatsar ruwa ce mai injin wuta. Elektiron da aka ciro daga abinci na bi ta wasu tashoshi huɗu da ke jikin fatar ciki, kowace tasha in ban da ta biyu na tura furoton zuwa ɗaya gefen, har su taru kamar ruwa a bayan bango. Komowarsu ta cikin injin ATP ita ke ƙera ATP. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka daɗe ana musa masa, daga baya ya karɓi kyautar Nobel a 1978. Bayan an ƙera ATP, enzayim ɗin kiriyatin kainez (enzayim furotin ne da ke hanzarta wani aiki a jiki) na ɗora ƙarfinsa a kan kiriyatin, a samu fosfokiriyatin, wanda ke kai ƙarfin inda tsoka ke murɗawa, kuma shi ne ɗan guzurin da ake taɓawa da zarar buƙata ta ƙaru. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Ƙofofin da guba ke bi

Mafi saurin kisa su ne masu toshe tasha ta huɗu, inda ake miƙa wa oksijin elektiron. Sayanayid na nan, haka iskar haidirojin salfayid, haka fosfin da ke tashi daga ƙwayar aluminiyom fosfayid da ake turara hatsi da ita. Oksijin na nan cikin jini amma ƙwayar halitta ta kasa amfani da shi, laktet ya taru, bugun ya raunana, hawan jini ya faɗi warwas. Kabon monoksayid kuwa ta fuska biyu yake kai hari: yana riƙe himogulobin fiye da yadda oksijin ke riƙe shi sau 200 da ɗoriya, sannan yana kama mayogulobin na cikin tsokar zuciya da ita tasha ta huɗun. Rotenon na toshe tasha ta farko, antimaisin ta uku, oligomaisin kuma injin ATP ɗin kansa. Waɗannan ukun mu a ɗakin gwaji kayan aiki ne, da su muke gano inda wata sabuwar guba ta tsaya.

Akwai masu huda bangon madatsar. Dainaitirofenol ne sananne a cikinsu. Yana ɗauko furoton ya tsallaka da su ba ta cikin injin ba, sai ƙwayar halitta ta yi ta ƙona abinci tana shan oksijin kamar ba gobe, amma zafi kawai ke fitowa. A shekarun 1930 an sayar da shi a Amurka a matsayin maganin rage ƙiba, mutane suka makance da yanar ido, wasu suka mutu da zazzaɓi mai tsanani, aka hana shi a 1938. Na kawo shi ne don ka lura cewa hauhawar shan oksijin a na'urarka ba koyaushe alamar lafiya ba ce.

Rukunin da ya fi kusa da aikinka shi ne na ƙarafan da ke son salfa. Enzayim da yawa na da ƙugiyar salfa da suke aiki da ita, ƙarfe kuma in ya maƙale a wurin, shi ke nan. Asinik na kama sinadarin laipowik, wanda enzayim ɗin da ke shigar da fairubet, abin da gulukos ke zama in an farfasa shi, cikin zagayen Krebs, jerin matakan ƙona abinci a mitokondiriya, ba ya aiki sai da shi, wato ya rufe ƙofar da gulukos ke bi ya shiga mitokondiriya. Zaiba na kama salfa da seleniyom, ta kashe enzayim ɗin da ke kare ƙwayar halitta. Labarin kobal kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. A tsakiyar shekarun 1960 a birnin Kebek na Kanada, likitoci suka fara ganin mashaya giya suna zuwa da gazawar zuciya mai saurin gaske, kusan mutum 50, kimanin 20 suka mutu. An ga irinsa a Omaha da Miniyafolis a Amurka, da Luben a Beljiyam. Bincike ya kai ga gishirin kobal da wasu masana'antu ke zubawa don kumfar giyar ta daɗe. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne adadin da mutanen suka sha bai kai wanda likitoci ke ba masu ƙarancin jini a matsayin magani a wancan lokaci ba, su kuwa ba su kamu da wannan ciwo haka ba. Gwajin dabbobi ne ya taimaka aka warware: kobal ma laipowik yake kamawa, ya tsayar da ƙona fairubet da wani mataki na zagayen Krebs, kuma illarsa ga zuciya na tsananta ƙwarai a ɓeran da abincinsa ba shi da isasshen furotin. Mashayan nan dama ba sa cin abincin kirki, ga barasa, ga ƙarancin bitamin B1 da waɗannan enzayim ɗin ke buƙata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun daga wannan darasi, duk wanda ya kawo mini sakamakon gwajin ƙarfe, tambayata ta farko ita ce me dabbobin suka ci.

Fuloro'asitet nasa salon daban ne. Shi kansa ba ya komai, jiki ne ke ɗaukar sa kamar asitet na gaske ya mayar da shi fulorositiret, wanda ke toshe enzayim ɗin akonitez, zagayen Krebs ya tsaya cik, sitiret ya taru a zuciya. Rudolph Peters ne ya bayyana haka a Ingila. A dabbobi masu cin ciyawa zuciya ya fi bugawa, a kare kuma ƙwaƙwalwa, ka ga tun nan jinsin dabba ya fara sauya labari.

Wanda aka fi nazari a kansa duk cikinsu magani ne, doksorubisin na ciwon daji. Jan ruwa ne, ja wur, har fitsarin ɓeran kan yi ja bayan allura. Yana manne wa kadiyolifin, wani kitse da ke fatar cikin mitokondiriya, ya karɓi elektiron a tasha ta farko ya miƙa wa oksijin kai tsaye, sai a samu abin da nake kira tartsatsin oksijin, wato ɓurɓushin da ke ƙona kitse da furotin da DNA na kusa da su. Zuciya kuma ba ta da enzayim ɗin katalez da yawa kamar hanta, garkuwarta ba ta da kauri. Shekaru ana ganin tartsatsin ne dukan labarin, amma magungunan kashe tartsatsi da suka yi aiki a ɓera ba su taɓuka abin kirki a jikin mutane ba. A 2012 aka nuna cewa ƙananan ɓerayen da aka cire wa enzayim ɗin Top2β daga tsokar zuciya sun samu kariya daga maganin, wato ɓarnar na farawa daga DNA na cibiyar ƙwayar halitta, ta danne ƙwayoyin gadon da ke sabunta mitokondiriya, irin su PGC-1. Na faɗi wannan ne saboda ɗalibai na da saurin rubuta cewa tartsatsin oksijin ne sanadi da zarar sun ga MDA, ragowar kitsen da tartsatsin ya ƙona, ya hau, gulutatayon mai kashe tartsatsin kuma ya sauka. Kusan kowace guba na ba da wannan hoto. Hayaƙi ne, ba ya gaya maka inda wutar ta tashi.

Shi kadmiyom ba ya haifar da tartsatsi da kansa kamar ƙarfen ayon. Yana cinye gulutatayon, ya ture zink da ayon daga mazauninsu a jikin furotin, ayon ɗin da ya saki shi ke ta da tartsatsin. A mitokondiriyar da aka ware, tasha ta biyu da ta uku sun fi jin jikinsa. Yana kuma toshe ƙofofin kalsiyom na tsokar zuciya, har masu nazarin lantarkin ƙwayar halitta na amfani da shi don wannan aiki. Amma ka sani, in an sha shi ta baki kaɗan ne ke ratsa hanji, kuma mafi yawan wanda ya shiga hanta da ƙoda yake tarewa, inda furotin ɗin metalotayonin ke ɗaure shi. Wanda ke isa zuciya bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na ƙoda. Saboda haka zuciyar ɓeranka na iya wahala ta bayan gida: ƙoda ta taɓu, jini ya ragu don kadmiyom na gogayya da ayon wajen shiga hanji, ko hawan jini ya sauya, abin da Henry Schroeder ya ba da rahotonsa a ɓeraye tun shekarun 1960.

Dalilin da ATP ke tsayawa daram

Yanzu mu dawo kan fosfokiriyatin. Idan mitokondiriya ta fara gazawa, kiriyatin kainez na kwashe ƙarfi daga fosfokiriyatin ya cike gurbin ATP nan take. Enzayim ɗin AMPK na jin ƙamshin ƙarancin, ya buɗe ƙofofin gulukos, ya hanzarta farfasa shi, ya dakatar da ayyukan gini masu cin ƙarfi. In abin ya ci gaba, zuciyar na rage ƙarfin matsawarta don kashewa ta yi daidai da samu. Duk wannan don kada ATP ya sauka ne, domin famfon da ke mayar da kalsiyom ma'ajiyarsa bayan kowane bugu ba ya jure ƙarancinsa, in ya tsaya zuciya ba za ta saki ba. Ko a zuciyar mutum da ta gaza ƙwarai, raguwar ATP ba ta cika wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba, kuma a makare take zuwa. Abin da ke fara sauka shi ne rabon fosfokiriyatin da ATP, wanda a lafiyayyar zuciya yake kusan biyu da ɗaya.

Sannan yawan ATP da ka auna hoto ne na tsaye. Tulu biyu na iya kasancewa cike daidai, ɗaya ana zuba masa ana ɗiba da sauri, ɗayan kuma da ƙyar ake ɗiga masa don an rage ɗiba. Kallon bakin tulun ba zai nuna maka bambancin ba. Gudun juyawar ake nema, da kuma rarar da ta rage in an ce a ƙara aiki. Ɓeran da ke kwance a keji bai taɓa neman wannan rarar ba.

Na ga wannan da idona a kan na'urar Langendorff, dabarar da Oskar Langendorff ya fito da ita a 1895. Ka cire zuciyar ka jefa ta cikin ruwan gishiri mai sanyi ta tsaya, ka ɗaura babbar jijiya a bakin bututu da zaren siliki, ka saki ruwan Krebs-Henseleit mai ɗumin digiri 37. Jinin da ya rage ya wanke, launinta ya koma fari-fari, sai ka ga ta yi wani ɗan motsi, ta sake, ta kama bugu ita kaɗai a rataye. Sau da dama zuciyar dabbar da aka ba guba da ta wadda ba a ba ba, in ka bar su haka, layinsu a allon kwamfuta ba ya bambanta. Sai ka ɗiga musu dobutamin, maganin da ke ƙara wa zuciya ƙarfin bugu, ko ka ƙara kalsiyom, lafiyayyar ta tashi ta riƙe, ɗayar ta ɗan taso ta sulale, laktet ya cika ruwan da ke ɗigowa daga gare ta. Ko ka cire gulukos ka bar musu kitse kaɗai, nan ma asiri ya tonu.

Abubuwan da ke yi wa mai gwaji dariya

Ka ce ɓerayenka sun rame. Wannan kalma ta fi tsaya mini a rai fiye da batun ATP. Ɓera ba ya son ɗanɗanon ruwan da aka sa wa kadmiyom, yana rage sha, in ya rage sha kuma yana rage ci. Dabbar da ke cikin yunwa kitse na yawaita a jininta, insulin ya sauka, ƙofar fairubet ta rufe, sinadarin tayirod ya ragu, bugun zuciya ya lafa. Duk waɗannan sauye-sauye ne a makamashin zuciya, kuma babu ruwan guba da su kai tsaye. Maganin wannan shi ne rukuni na uku: ɓerayen da ba su sha guba ba, amma kullum a auna musu daidai abincin da masu shan gubar suka ci jiya. Masu aiki da gubar dayoksin sun san haka da kyau, don ita tana sa dabba ta yi ta ƙanjamewa. Ina sabon shiga na taɓa murnar ganin ƙona gulukos ya faɗi a zuciyar wasu ɓeraye da muka ba wani sinadari, har na fara tsara yadda zan rubuta. Wani dattijon ma'aikacin ɗakin dabbobi, wanda bai taɓa riƙe bututun awo ba, ya ce mini, "Malam, ai waɗannan naka ba sa taɓa abincinsu, kullum ni ke zubarwa." Da muka sa rukunin daidaita ci, yawancin bambancin ya ɓace. Kuma in ba ka auna ruwan da kowane keji ya sha ba, ba ka san adadin gubar da ta shiga cikinsu ba, abin da ka zuba a kwalba kawai ka sani.

Na biyu, yadda ka ɗauki zuciyar. Daga lokacin da numfashi ya tsaya, fosfokiriyatin na zubewa cikin daƙiƙoƙi, ATP ya biyo baya a hankali. In ka yanke zuciya ka wanke, ka ɗora a sikeli, ka rubuta nauyi, sannan ka kai firiza, abin da ka auna labarin mintunan nan ne, kuma zai iya shafe bambancin da ke tsakanin rukunanka. Tun 1960 Albert Wollenberger ya kawo mafita: matsi mai faffaɗan baki na aluminiyom da aka tsoma cikin ruwan naitirojin, a damƙe zuciyar tana cikin bugu, dabbar na kan na'urar numfashi, ta daskare nan take ta zama kamar faifai. Daga nan a niƙa ta a daskare a zuba asid mai sanyi. Maganin sa barci ma na da nasa: haɗin ketamin da zailazin na rage bugu sosai yana ta da sukarin jini, aisofuloren kuma na ɗan danne tasha ta farko. Kowanne ka zaɓa, ya zama iri ɗaya da tsawon lokaci ɗaya a duk rukunan. Haka lokacin yini, domin ɓera da dare yake harkarsa, zuciyarsa kuma ba ta ƙona abinci iri ɗaya da safe da daddare. Kada ka yanka rukunin kwatanci da hantsi, masu guba da la'asar.

Na uku, CK-MB da LDH ɗin da ka dogara da su. LDH na ko'ina, hanta da ƙoda da tsoka da jajayen ƙwayoyin jini, kadmiyom kuwa hanta da ƙoda ne gidansa. A ɓera ma ko jinin ya ɗan fashe ko ya jima kafin a tace, sai ya hau. Kayan awon CK-MB da yawa don mutum aka yi su: suna danne ɓangaren M na enzayim ɗin su ninka abin da ya rage, jinin ɓera kuma na ɗauke da CK-BB, wani nau'insa da ba shi da ɓangaren M, da yawa, sai a samu adadi mai kumbura. In kuma ta huda zuciya ka ɗebi jinin, allurar da kanta ta saki enzayim ɗin. Awon taroponin na zuciya, wani furotin na tsokarta, ya fi su nesa ba kusa ba. Sai dai shi ma mutuwar ƙwayar tsoka yake nunawa, ƙwayar da ke raye tana fama da ƙarancin ƙarfi ba lallai ta zubar da shi ba.

Da ni ne a matsayinka

In akwai ragowar tsoka a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, akwai abin da za ka iya ceto. Auna kadmiyom ɗin da ke cikin zuciyar kanta, ka kwatanta da na ƙoda, don a san ko ya isa wurin. Auna aikin enzayim ɗin sitiret sintez, shi ne ma'aunin yawan mitokondiriya, sannan aikin tashoshi na ɗaya zuwa na huɗu, kowanne ka raba shi da na sitiret sintez. Da haka za ka bambance mitokondiriyar da ta ragu da wadda ta lalace. Waɗannan enzayim ɗin na jure daskarewa, kuma na'urar awon haske ta isa. Jimillar kiriyatin ma ba ta damu da jinkirin ɗauka ba. Fosfokiriyatin da laktet kuwa, in ba a damƙe zuciyar da sanyi ba, kada ka wahalar da kanka.

In za a sake gwajin, ka sa adadi uku na gubar aƙalla, da rukunin daidaita ci, da maza da mata. Ka ware mitokondiriya daga sabuwar zuciya a ranar, ka sa ta a na'urar awon oksijin ta Clark, ka gwada ta da fairubet da malet, sannan da kitse mai kanitin, sannan da saksinet. Layin oksijin na gangarowa a hankali, ka ɗiga ADP, abin da ake ƙera ATP da shi, ya faɗa da gudu, ADP ya ƙare ya koma tafiyar hawainiya. Rabon gudun nan biyu shi ke gaya maka lafiyar bangon madatsar. In gudun da ADP ya jawo ne ya ragu, an toshe hanya. In na bayan ƙarewar ADP ne ya ƙaru, bango na yoyo. In da kitse kaɗai matsalar ke fitowa, ka nemi CPT1, ƙofar da kitse ke bi ya shiga mitokondiriya, da enzayim ɗin farfasa kitse. Ka yi ƙoƙari kuma mai awon kada ya san wane rukuni ke hannunsa. Ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton gwajin dabbobi, da aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020, sun jera abin da ya kamata rahotonka ya ƙunsa, kwamitin kula da haƙƙin dabbobi kuma zai tambaye ka dalilin kowane ɓera da ka ƙara.

Daga keji zuwa jikin mutum

Ban ga bayananka ba, ban ga adadin da ka zuba ba, don haka abin da na ba ka hanyar bincike ce, hukuncin na wurin awon da za ka yi. Kuma ko ya fito fes, ka yi taka-tsantsan wajen ɗora shi a kan mutum. Dayoksin da ke kashe ɓeran Masar sai an ninka shi sau dubu ko fiye kafin ya kashe hamsta, wani dangin ɓera. Monensin da ake sa wa kaji a abinci lafiya lau, kaɗan daga cikinsa na lalata zuciyar doki. Man da ke da asid ɗin erusik da yawa ya tara kitse a zuciyar ɓeraye cikin kwanaki a gwaje-gwajen shekarun 1970, har ya sa aka samar da irin kanola a Kanada, alhali ɓera ya fi wasu dabbobi rauni wajen ƙona wannan kitse. Ko cikin jinsi ɗaya, ƙaramin ɓera na C57BL/6J ya rasa enzayim ɗin Nnt na mitokondiriya wanda ɗan'uwansa C57BL/6N ke da shi, kuma hakan na sauya yadda zuciyarsu ke ɗaukar tartsatsin oksijin. Ɗakin dabbobi mai sanyin digiri 22 ma sanyi ne ga ƙaramin ɓera, bugunsa na sauka sosai in aka kai shi digiri 30.

Wajen juya adadi, ana raba miligiram a kowane kilo na babban ɓera da 6.2, na ƙarami da 12.3, a samu kwatankwacin na mutum. Amma wannan lissafin faɗin jiki ne kawai, bai san tsawon zama ba. Kadmiyom na shafe shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya bar jikin mutum, yana taruwa kaɗan-kaɗan daga hayaƙin taba da abinci da wurin aiki, a jikin da wataƙila ga ciwon sukari ga hawan jini. Naka kuwa matasan ɓeraye ne masu lafiya da suka sha da yawa cikin kwana 28. A babin tattaunawarka ka rubuta cewa ATP bai sauya ba a wannan adadi da wannan tsawon lokaci, ka faɗi yadda aka ɗauki tsokar da mintunan da ta yi kafin ta daskare, ka sa jadawalin ci da sha da nauyin ɓerayen kusa da shi. In ka samu sakamakon sitiret sintez da na tashoshin, turo mini tare da adadin kadmiyom na zuciya da na ƙoda, mu duba tare.